Daga Shida Zuwa Bakwai a Gidan Babana

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ba na son Korneel in turo mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki daure ki karanta na yau tukuna. In kin gama kina so har yanzu, zan haɗa miki da adireshin gidansu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Nele, shekarata ashirin da shida. Nas ce ni, irin masu bin tsofaffi gida-gida a ƙauyukan da ke zagaye da Oudenaarde, in yi wa wannan allurar sukari, in wanke wa wancan ciwon ƙafa, in saurari labarin jikokin da ba sa zuwa gaisuwa. Shekara huɗu na yi ina karatu kafin in sami lasisin aikin nan, kuma a duk abin da na mallaka shi kaɗai ne da gumina na same shi. Korneel kuma ɗan tseren keke ne, shekararmu biyu tare. Tun watan Janairu ya ce in aure shi, na ce ya bari a gama babban tseren Afrilu. Ina sonsa, wannan ba na musu. Amma duk sanda na buɗe baki zan ce to, sai wani abu ya hana ni, kuma ban san mene ne ba sai ranar Talatar da ta wuce.

Gidanmu bene ne, mu muna sama, mashayar Baba tana ƙasa. Nan ce matattarar magoya bayan Korneel. Rigarsa ta tsere tana rataye a bango cikin gilashi, da lakar bara a jikinta wadda Baba ya rantse ba mai wankewa. Baba ma ya yi tsere, shekara goma sha ɗaya, kuma abin da ya ciwo bai wuce ƙyafaffiyar cinyar alade ɗaya da karayar kafaɗa biyu ba. Don haka a wurinsa Korneel ya fi ƙarfin suruki. Shi ne wanda zai rama masa.

A garinmu ba zobe ne ke nuna an riƙe mace da gaske ba. Matan 'yan tsere in sun haɗu a bakin layin ƙarshe, abin da suke fara tambayar sabuwa shi ne, "Ya ba ki awarsa?" Kowane ɗan tsere dole ya rubuta wa masu gwajin jini awa ɗaya a kowace rana ta Allah, da adireshin da za su same shi a cikinta. In suka zo ba su gan shi ba, an rubuta masa ɗaya. In ta kai uku cikin shekara, sai a dakatar da shi kamar wanda aka kama dumu-dumu da haramtaccen maganin ƙara kuzari. To namijin da ya ba ki lambar sirrin manhajar da ake rubuta awar ya ce ke za ki riƙa cikewa, abincinsa ya damƙa miki. Ni Korneel ya ba ni tasa muna wata shida da haɗuwa, a rubuce a bayan rasit ɗin gidan mai, ni kuwa sakarya har da ƙwallar daɗi.

An riga an rubuta masa biyu. Ta Oktoba ya ce barci ne ya kwashe shi da auduga a kunne. Ta Janairu ya ce ya fita sayen burodi, mutumin da ko ɓawon burodi ba ya ci sai an auna masa. Ni na rubuta masa wasiƙun bayani duka biyun, har ina jin haushin mayun nan, don haka 'yan tsere ke kiransu, masu zuwa shan jini da asuba. Shekararsa ashirin da tara. In aka ajiye shi shekara biyu, ba wata ƙungiya da za ta sake waiwayarsa.

Ranar Lahadin kafin Talatar nan Mama ta yi girkin manya, naman sa da aka dafa da baƙar giya har ya narke, da soyayyen dankali, da dafaffen tuffa a gefe. Na sa koriyar rigata mai dogon hannu, wadda Mama ke cewa tana sa in yi kama da mutuniyar kirki, na ɗaure gashina baya, ban shafa komai ba sai man leɓe. Korneel ya zo da ƙaramin sikelinsa a aljihu kamar kullum. Muna cin nama, shi yana auna farar shinkafa.

"Giram nawa yau, ango?" in ji Baba.

"Ɗari da tamanin, Baba. In na ƙara cokali ɗaya, ranar Lahadi a kan tudu zan biya shi."

"Ka ji yaro mai hankali. Mu a zamaninmu da gasasshen nama muke karyawa, shi ya sa kekena ke kuka tun daga ƙofar gida."

"Ba nama ba ne, Raf, giya ce," in ji Mama, ba tare da ta ɗago ba.

Aka yi dariya, ban da Kawu Staf. Shi ƙanin Mama ne, mai tausa a ƙungiyar su Korneel, shekara talatin yana murza ƙafafun 'yan tsere. Ƙato ne mai magana ƙasa-ƙasa, kullum yana warin man zafi, kuma shi ne ya haɗa ni da Korneel. Ya goge baki, ya nuna ni da cokali.

"Nele, ɗauko wayarki. Daga gobe har ranar tsere, awarsa a gidan nan za ta zama. Shida zuwa bakwai na safe."

"Me ya sami gidansa, Kawu?"

"Nisa. Tuddan da zai yi atisaye a kai ga su nan a bayan gida. Ɗakin marigayiya kakarki kuma ba kowa a ciki."

"Gara ma ya fara sabawa da gidan," in ji Baba, yana kashe wa Korneel ido.

Na ce, "Ni fa har yanzu ban ce to ba."

Duka suka juyo suka dube ni. Baba ya ajiye wuƙarsa a hankali, irin ajiyewar da na sani tun ina ƙarama.

"Kin faɗa ko ba ki faɗa ba, ni na riga na kama zauren coci a Satumba. Duk garin nan kowa ya san aurenki sai ke. Me kike nema ne wai? Yaron nan ba ya sha, ba ya yawo, ƙarfe tara ya kwanta. Uwarki da ta sami irinsa da ba ta dube ni ba."

"Ku bar min ita, Baba," in ji Korneel, ya ɗora hannu a gwiwata ta ƙarƙashin tebur. "Ni ba na gajiya da jira."

Ya yi wannan murmushin nasa mai sa kumatunsa su loɓa, ni kuma kamar kullum na ji jikina ya mutu. Na ɗauko waya, na goge adireshinsa, na rubuta namu. Kwana bakwai, shida zuwa bakwai, gidan babana.

Bayan an gama ci suka shigo da kayansa. Keke biyu, jaka ɗaya, sai wani ɗan ƙaramin firji da Kawu ya rungumo da kansa, ya ƙi yarda ko Baba ya kama masa. Mun haɗu da shi a kan matattakala, na ga an ɗaura wa ƙofar firjin kwaɗo.

"Kek ɗin shinkafarsa ne," in ji shi, tun kafin in tambaya. "Kin san babanki da kwaɗayi."

Ya ɗan tsaya yana haki, sannan ya dubi hannuwana.

"An ce har yanzu ba kya sukar tsohuwa sau biyu. Duk ɓuyar jijiya, karo ɗaya kike samunta."

"Aikina ne, Kawu."

"Hannu mai albarka," ya ce, ya wuce sama. Ban san dalili ba, amma sai da na sa hannuwana a aljihu.

Ranar Litinin ina gidan wata tsohuwa ina jiran ruwan wankanta ya huce, na tura masa saƙo.

"Me ke cikin firjin?"

Nan take ya amsa. "Zuciyata. Na sa a sanyi kar ta lalace kafin ki ce to."

"Korneel, da gaske nake."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi.

"Kayan Staf ne. Kin yarda da ni?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Na mayar da wayar aljihu, shi ma bai sake turowa ba.

Da na dawo ƙarfe shida na yamma, ƙofar ɗakin Kaka a kulle take, ina jin muryar Kawu daga ciki. Sun yi kusan minti arba'in. Kawu ya fito da jakarsa ta fata, ya sumbaci Mama a goshi, ya ce shi ya wuce Kortrijk inda motocin ƙungiya suke, sai jibi. Korneel ya fito bayansa yana fito da baki, fuskarsa jawur, ya ɗaga ni sama a tsakar falo kamar buhun gashin kaza. Ban taɓa ganinsa da irin wannan nishaɗin ana saura kwana shida tsere ba.

A kicin na sami Mama tana wanke-wanke. Na ɗauki tsumma na tsaya gefenta.

"Mama, me suke yi a ɗakin nan?"

"Tausa."

"Da ƙofa a kulle?"

Ta miƙo min faranti. "Goge wannan. In kina son zaman lafiya da ɗan tsere, abin da ke bayan ƙofarsa a makon tsere ba naki ba ne. Ki ciyar da shi, ki wanke masa, ki yi masa tafi."

"Ke haka kika yi?"

"Kin bar ruwa a gefen nan," ta ce, ta karɓe farantin ta sake gogewa.

Ranar Talata na tashi shida saura, don bakwai da rabi nake da mara lafiya na farko. Na sa shuɗin kayan aikina, na rataya katin shaidata a wuya, na ɗauko jakar aikina na ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Ana yayyafi, gari bai gama wayewa ba. Na je zan buɗe labulen falo, sai na ji an riƙe min hannu. Baba ne, da rigar barci, ba takalmi.

"Kar ki taɓa," ya ce da raɗa.

Ta 'yar kafar labulen na hango wata farar mota a gaban mashaya, da wata mata cikin rigar ruwa tsaye a ƙofar gidanmu, riƙe da akwati. Na ga ta ɗaga hannu ta danna ƙararrawa. Ban ji komai ba. Ta sake dannawa, gidan shiru. Sai na dubi Baba, na ga ɗan ƙaramin sukurdireba a hannunsa.

"Tun yaushe ka cire wayar ƙararrawar?"

"Je ki ɗakin Kaka. Yana nemanki."

Korneel yana zaune a bakin gado, ba riga, wayarsa a kan cinya, muryar Kawu tana fitowa daga ciki. Mama tana tsaye a jikin taga da rigar sanyinta mai ruwan toka. A kan gadon, kan lallausan bargon da Kaka ta saƙa da hannunta, ga ledar ƙarin ruwa guda biyu. Na san su kamar yadda na san sunana.

"Ta shigo?" in ji Kawu daga wayar. "Nele, saurare ni, ba lokaci. Mayyar nan za ta tsaya har bakwai, doka ta ce ta jira. In ta tafi ba ta gan shi ba, ta uku ke nan, ya gama. In kuma ta ɗebi jininsa yadda yake yanzu, ya gama. Ruwan gishiri ne kawai, irin wanda kike sa wa tsofaffinki, ya tsinka jinin kar gwajinsu ya nuna komai. Kayana suna nan wurina, ni kuma ko tashi zan yi ba zan iso ba. Naki suna jakarki."

Na dubi Korneel. Na so ya ce ƙarya ne, ko ya ce bai san da maganar ba, ko ma ya sunkuyar da kai. Sai kawai ya miƙo min hannunsa na dama, ya juya shi, jijiyoyin nan sun fito raɗa-raɗa. A gwiwar hannun, daga ciki, akwai tsofaffin tabo ƙanana waɗanda da yake ce min na gwajin mayu ne.

"Me ka sa a jikinka jiya?"

"Abin da kowa ke sawa."

"Wa ya gaya maka kowa?"

"Nele, don Allah. Shekara goma ina ɗauko wa wasu gorar ruwa a tsere, ina tare musu iska. Bana ne kawai aka ce in gwada sa'ata. Sau ɗaya za ki yi min, ba zan sake roƙonki ba."

"Ta Oktoba fa? Kana ciki ka yi lamo, ko?"

Ya ƙara miƙo min hannun.

"Ta Janairu, burodin?"

"Yanzu ba lokacin wannan ba ne."

"Ka san in aka gano ni na yi, an karɓe lasisina har abada? Ba asibitin da zai sake ɗaukata ko shara."

"Wa zai gano?" in ji Kawu. "Gida ne. Shi ya sa ake yi a gida."

Wannan maganar ce ta tsaya min. Na tuna ranar da Kawu ya fara kawo Korneel mashaya, ya kira ni daga sama in zo in gaishe da baƙo. Sati biyu ke nan da samun lasisina, Baba ma bai cire hoton bikin daga kan kanta ba. Na tuna abin da Kawu ya fara faɗa masa a kaina. Bai ce ga 'yar yayata ba. Cewa ya yi, "Ga nas ɗinmu."

Na ce wa Korneel, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka dube ni ka amsa. Da a kantin burodi nake aiki, da ka dawo gidan nan karo na biyu?"

Ya buɗe baki. Na rantse muku da ya ce e nan take, ban san abin da zan yi ba, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai da ya fara duban wayar da ke kan cinyarsa.

"Ina sonki," ya ce. "Wannan daban, wancan daban."

Na juya na fita. Ban yi kuka ba. Na sauka matattakala da niyyar in buɗe wa matar nan ƙofa, duk abin da zai faru ya faru. A ƙasa, cikin ɗan siririn lungun da ke kaiwa ƙofar gida, na tarar Baba ya riga ni. Ya tsaya ya cike hanya, ga inuwar matar ana hangowa ta gilashin ƙofa a bayansa.

"Matsa, Baba."

"In kika buɗe ƙofar nan yanzu, kin kashe yaron nan. Kin kashe mashayar nan. Mutanen da suka yi hayar bas biyu don ranar Lahadi, me zan ce musu?"

"Ka ce musu 'yarka ba ta yi ba."

"Ke wace ce? Kin fi kowa tsarki? Kin zata su waɗanda ke wuce shi a kan tudu da ruwan famfo suke wucewa?"

Muna magana ne da raɗa, amma jijiyar wuyansa ta tashi kamar mai ihu. Ya kawo min wannan, ya kawo min wancan. Ya tuna min da keken da ya saya min ina shekara bakwai, da kuɗin makarantar da ya biya, da yadda Korneel ya ɗauki akwatin gawar Kaka a kafaɗarsa. Duk sanda na matsa dama ya matsa dama. Matar ta ƙwanƙwasa da hannu sau biyu, mu duka muka yi shiru har ta daina. Ban san lokaci yana tafiya haka ba, sai da agogon mashaya ya buga shida da rabi.

"Uwarki ba ta taɓa yi min wannan taurin kan ba," in ji Baba. "Shekara goma sha ɗaya, a bayan mota, a banɗakin otal, har a ɗakin da aka haife ki. Ba ta je wata makaranta ba, a jikin lemon zaƙi Staf ya koya mata yin allura. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni mene ne a ciki ba."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Mama, mai kitsa min gashi ranar Lahadi, mai kunna kyandir a coci duk ranar tsere.

"Ina Mama?"

Ya ƙara gyara tsayuwa a hanya.

"Baba, ina jakata?"

Ya kau da kai. Sai a lokacin na gane ba ƙofa yake tsarewa ba, ni yake tsarewa. Duk wannan dogon surutun don a sami minti ashirin ne a sama, da allurata, da safar hannuna, da audugata, kayan da ke ɗauke da tambarin wurin aikina.

Akwai wata ƙofa a gefen lungun mai shiga mashaya. Na banka ta, na ratsa tsakanin kujerun da aka kifa a kan tebura, na zare sakatar babbar ƙofa. Iska mai sanyi ta buge ni. Matar ta juyo. Za ta kai hamsin, gajeriya, gashinta ya jiƙe ya manne a goshi.

"Barka da asuba," na ce. "Ƙararrawarmu ce ta lalace. Yana sama."

Ta dubi agogonta, ta dubi katin da ke wuyana, ta rubuta wani abu a takarda. "Shida da minti talatin da huɗu. Kai ni wurinsa, don Allah."

Ba mu kai ga hawa ba. Sai ga Korneel yana saukowa, sanye da farar riga mai dogon hannu, gashinsa a hargitse, yana hamma kamar wanda aka tasa daga barci.

"Kai, ku yi haƙuri, kin daɗe? Baba, ƙararrawar nan fa sai an duba ta. In ba don Nele ba da yau na shiga uku."

Baba ya yi dariya, ya sauke kujeru uku daga kan tebur, har da goge wa matar tata da hannun rigarsa. Ta nuna katinta, ta karanta wa Korneel abin da doka ta ce ta karanta, ta ce ya zauna minti goma kafin ta ɗiba. Ta buɗe akwatinta ta jera kwalabe a kan teburin da ke ƙarƙashin rigarsa mai laka. Ni ina tsaye jikin kanta, na kasa tafiya, na kasa zama. Can Mama ta sauko, ta canja zuwa rigarta mai furanni, ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, riƙe da butar kofi. Ba ta dube ni ba.

"Wane hannu?" in ji matar.

"Hagu," in ji Korneel da sauri, ya naɗe hannun rigar.

Ta ɗaure masa roba, ta goge wurin, ta soka karo ɗaya. Ƙwararriya ce, ko ni sai haka. Jinin yana shiga kwalba, tana yi masa tambayoyin da ke kan takarda. Ya hau tsauni a makonnin nan? A'a. Ya yi rashin lafiya? A'a. An yi masa ƙarin jini ko ƙarin ruwa ko wata allura? Ya ce a'a, yana yi wa Baba murmushi.

Ni na fara gani. A hannunsa na dama, daidai gwiwar hannu daga ciki, wani ɗigo ja ya fito a kan farar rigar. Mama ba ta danne wurin yadda ya kamata ba, ko kuma gaggawa ce ta hana. Ɗigon ya fara kamar ƙwayar gero, ina kallo ya zama kamar wake. Na ɗauke idona da sauri, amma na makara, don matar ta ga inda nake kallo.

Ta gama, ta rufe kwalabenta ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Sannan ta ce, "Naɗe min ɗaya hannun."

"Wannan? Ƙaya ce ta karce ni jiya."

"Naɗe."

Ya naɗe. Ga audugata, ga filastata, an manna a karkace, jini ya ratso.  Ina jin ƙarar firjin giya a bayan kanta.

"Yanzu ka ce min ba a yi maka allura ba," in ji matar. "Wannan ba ta yi awa ɗaya ba. Wa ya yi maka?"

Korneel ya dubi hannunsa, ya yi 'yar dariya, ya shafa ƙeya. Sannan ya ɗago ya dube ni da idanun nan da na shekara biyu ina mutuwa a kansu.

"Na manta ne, ba komai ba ne. Jiri na tashi da shi, matar da zan aura ta ce bari ta duba ni. Nas ce, ga ta nan. Ni ban san kan waɗannan abubuwan ba, duk abin da ta ce shi nake yi."

Matar ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ta buɗe sabon shafi, ta cire marfin biro.

"Ke ce kika soke shi?"

In na ce e, lasisina ya tafi, a gaban shaida, da sa hannuna a ƙasa. In na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce to wa, kuma duk wanda ya duba gidan nan zai ga hannu biyu ne kawai suka rage, na Baba mai rawa, da na matar da ta haife ni. Na dubi Baba, yana kallon ƙasa. Na dubi Korneel, ya ɗan gyaɗa min kai a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Mama ta matso, ta ajiye kofi a gaban matar, ta zuba mata har baki, ko ɗigo bai zuba a tebur ba. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da gari ya waye.

"Nele," ta ce, "ana tambayarki."